Ni Na Tsara Cin Amanar, Yayana Ake Jira da Gora

Anti Rabi'atu, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare, kuma ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto miki.

Ƙauyenmu yana gefen titin Funtua zuwa Malumfashi. Yayana Awaisu da abokinsa Ɗanjuma suna son resilin, kokawar Turawan nan ta talabijin. Idan an kawo wuta suna kallo a zaure, ni kuma ina leƙe daga bakin ƙofa ina gyaran wake. Su dukan suke kallo, ni kuwa mugun nake kallo. Na lura wanda ya fito da baƙaƙen kaya yana zage-zage dariya ma ake yi masa. Wanda ake tsana har a miƙe tsaye shi ne wanda ya daɗe yana abota da gwarzon, ya ɗaga masa hannu, yana juya baya ya maka masa kujera.

Bayan girbin masara sai samari suka kafa turaku huɗu a masussuka, suka zagaye da igiya, suna yin nasu ana ɗauka da waya. Ba kowa ke zuwa ba. Da na ji Yaya yana ƙorafi, sai bakina ya suɓuce na faɗa masa abin da na lura. Ranar ce ya fara zama ya saurare ni har na gama. Na ji daɗi, Anti, sai na ƙara. Na ce a kawo tuwo cikin fili su ci tare a kwano ɗaya, sannan Yaya ya buge Ɗanjuma da kujera. Ɗanjuma ya ɗauko koren kwanon kakarsa, Iya, wanda duk unguwa an san shi, don a cikinsa ta ciyar da su biyun tun suna rarrafe. Kujerar ta karan dawa ce aka shafa mata fenti. Jinin kuwa zoɓo ne, ni na dafa shi ya yi kauri, na ƙulla a 'yar leda Ɗanjuma ya ɓoye a hularsa.

Da Yaya ya maka masa kujerar, ya sa ƙafa ya shure kwanon, babu wanda ya yi ihu. An ɗauke Ɗanjuma a babur, yanzu yana ɓoye a Dandume wurin wani abokinsu don a ɗauka yana jinya. Sun sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba sai an yi karo na biyu ranar Asabar.

Yau kwana shida. Idan na je famfo mata suna yin shiru. A masallaci wanda ke kusa da Yaya ya canza sahu. Iya ta daina amsa gaisuwar Innarmu, an ce ko abinci ba ta iya ci. Shekaranjiya kawunnan Ɗanjuma uku suka zo daga rugarsu, sun ga hoton a waya. Suna zama ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ƙofarmu, kowa da gorarsa a cinya, ba sa sallama. Jiya ɗaya ya tambayi mai shago ta wace hanya Yaya ke bi zuwa gonar auduga.

Yaya murna yake yi, wai alamar labarin ya kama ke nan. Kuma abin da na tsara musu na Asabar shi ne ya sake yin nasara da ha'inci, don a ƙara cika a karo na uku. Idan na tona na karya alkawari, kuma ba zai sake saurarata ba. Idan na yi shiru ban san me zai faru a masussukar nan ba. Me zan yi?

Daga Mai Leƙe Ta Bakin Ƙofa

AMSA

'Yata, kin kyauta da kika rubuto. Zan fara da abin da ba zai jira ba: yau za ki faɗa wa Innarki, ba gobe ba, ita kuma ta faɗa wa mahaifinku. Idan bakinki ya yi nauyi, miƙa mata wannan shafin, ko ki karanta mata shi.

Abin da kika lura da shi daidai ne. Mugu ba ya kama zukata sai ya taɓa abin da mutane ke ganin girmansa, kuma kin zaɓi mafi girma a wurinmu, wato abincin da aka ci tare. Na kuma fahimci Awaisu. Saurayi ya yi wasa gari ya girgiza, dole ya ji daɗi. Amma masu kallon na talabijin sun san shiri ne, akwai shinge tsakaninsu da fili, akwai masu gadi, kuma mugun ba a unguwarsu yake kwana ba. Iya ba ta sani ba. Mutanen da ke ƙarƙashin darbejiya ba kallo suka zo ba.

Alkawarin da kika yi na rufa wa wasa asiri ne. Bai haɗa da ki zuba ido a fasa wa yayanki kai ba.

Ga abin yi. Kada Awaisu ya je gona shi kaɗai har a warware. Kada ke ko shi ku tunkari kawunnan da bayani, ba za su yarda da bakin gidanku ba. Mahaifinku ya sami mai unguwa, a aika a ɗauko Ɗanjuma daga Dandume, a fara kai shi wurin Iya ta cire masa hula ta shafa kansa da hannunta. Daga nan a kira kawunnan, a nuna musu guntayen kujerar da ledar zoɓon. Wasan Asabar a soke shi. Idan za a sake wani, a sanar da kowa tun farko cewa shiri ne.

Yayanki zai yi fushi, wataƙila ya yi mako bai kula ki ba. Ki jure, mai rai da lafiya ne ke fushi. Ku uku kuma ku durƙusa ku ba Iya haƙuri, ku kai mata kwanonta a wanke, don ita aka fi cuta.

Kada ki daina tsara labari. Ki nemi a mayar da ke makaranta, ki sami littafi ki riƙa zuba su a ciki, inda babu kawunnan da za su jira mugu a hanyar gona. Allah Ya tsare Awaisu, Ya sanyaya zuciyar Iya. Yanzu ajiye jaridar nan ki je ki sami Innarki.

Anti Rabi'atu