Takardar da zan karanta ranar Juma'a

Zuwa ga yayana Shazili,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Zakiyya da yara a can Iskandariya. Inna tana samun sauƙin gwiwarta, zaitun ma ya yi kyau bana.

Yaya, a tsorace nake rubuto maka. Ranar Litinin dattawa bakwai suka zo wurin Muraƙib, Bafaranshen da nake yi wa tafinta, Kawu Arusi na gabansu. Suna so a bar mu mu zaɓi 'yan majalisar gari da kanmu. Kawu ya ce ba roƙo ya kawo su ba, haƙƙinsu suka zo karɓa, in an hana kuma za a rufe kasuwa. Na tuna waɗanda aka kora cikin sahara bara, sai na ce wa Baturen dattawa na neman alfarma. Maganar kasuwa kuwa na haɗiye ta.

Ranar Laraba aka rufe kasuwa, ko mai burodi bai buɗe ba. Muraƙib ya kira ni, ya ce ko dai ban iya aikina ba, ko ina tare da su. Ya miƙo min amsarsa: majalisa naɗa ta za a ci gaba da yi, Kawu kuma za a kore shi kudu, cikin sahara. Ni zan karanta ta a ƙofar masallaci bayan Juma'a, sojoji na bayana, ga wani tafinta daga Tunis da zai bi ni kalma kalma.

Ni da Muraƙib kaɗai muka ga takardar, amma jiya na je na faɗa wa Kawu, na roƙe shi ya bar gari. Ya riga ya ji yadda na sassauta maganarsa. Ya ce ba inda za shi, a sahun gaba ma zai tsaya. Da zan fita ya ce, "Munsif, wannan karon ka faɗe ta yadda take."

Idan wata ya wuce ba ka ji daga gare ni ba, ka aiko a ɗauki matata Habiba da yara. Inna ba ta san komai ba, kada ka ambata a amsarka.

A gaida Zakiyya da Nuri da ƙaramarku Jalila. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Munsif