Iyafis Ɗaya, Kunne Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a kamfanin wanki. Wayyo kunnena! Injuna na ruri, tururi ko'ina, bango har zufa yake yi. Na dawo gida kaina na "ziii", Umma na magana ina cewa "eh?" kamar kurma.

An haɗa ni da wata dattijuwa a babban injin guga, kowa Gwaggo yake ce mata. Mutum biyu ke riƙe zanin gado, kowa da gefensa, su sake shi cikin injin lokaci guda. Hannun matar nan, tabarkalla! Ko kallon zanin ba ta yi. Oga ya ce gwaji nake zuwa ƙarshen wata, in zannuwa na fitowa a yamutse, ƙofa a buɗe take. Aikin nan kuwa ina bukatarsa.

Laraba, 5 ga Maris

Na aro ƙaton hedifon ɗin Yaya don in toshe hayaniyar da kiɗa. Kafin azahar soson kunnen ya jiƙe sharkaf, yana warin tsumma, ɓangare ɗaya ya mutu. Gwaggo ta kama igiyar da ke lilo a ƙirjina ta cusa min cikin riga. "Ke 'yar nan, injin nan bai san sabo ba. In ya ja igiyar, da wuyanki zai haɗa." Ta faɗa tana murmushi.

Yaya bai san hedifon ɗinsa ya lalace ba tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Shagon waya. Mai shagon sai tura min hedifon masu ƙyalli yake. Na ce malam, ba biki za ni ba, inda nake aiki ko takarda ka ajiye sai ta yi laushi. Sannan ya fito da ƙananan iyafis marasa igiya, masu bakin roba da ke toshe kunne ƙam, ya ce gumi da danshi ba sa kashe su. Har yayyafa musu ruwa ya yi a gabana. Na saya.

Talata, 11 ga Maris

Daɗi kashe ni! Ruri ya koma can nesa, ni da kiɗana kawai. Sai dai zannuwa sun yi ta shiga a karkace, suna fitowa da ninki a tsakiya, gugagge, sai an sake jiƙawa. Oga ya zo ya ɗaga ɗaya yana kallona. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Hannuna ne ya zame, ranka ya daɗe." Hannun da bai taɓa zamewa ba! Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau na cire guda ɗaya don in sosa kunne, sai na ji abin da ban taɓa lura da shi ba. Ashe Gwaggo waƙa take yi ƙasa-ƙasa, kuma a kan gaɓar waƙar take sakin zanin. Duk wanda ya taɓa aiki da ita, da kunne yake bin ta. Ni kuwa ina can ina bin kiɗana mai gudu, ina riga ta saki.

Da hutu na tambaye ta me ya sa ba ta ce in cire ba. Ta ce, "Kunnenki ne, kuma gara ki toshe shi. Ni na hagu ne kawai ya rage min, na dama injin nan ya cinye. Amma ke da kiɗanki, ni da nawa, zanin ne ke shan wahala." Wallahi matar nan daban ce.

Oga ya ce ba ya son ya sake ganin ninki.

Litinin, 17 ga Maris

Na miƙa wa Gwaggo iyafis na hagu, na riƙe na dama, ɗaya kunnen na toshe da auduga. Ta saurara kaɗan ta yatsine fuska: "Wannan kiɗa ne ko gudun ceton rai?" Muka yi ta canzawa har muka samu mai tafiya a hankali. Zani ya shiga sak, ya fito sumul. Na biyu ma haka. Na kama ta tana kaɗa kafaɗa, ta ce ƙarya nake, sauro ne.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba ninki ko ɗaya. Ita ke goge iyafis ɗin da gefen ɗankwalinta kafin ta ba ni, kamar zinariya.

Litinin, 31 ga Maris

An ɗauke ni aiki, alhamdulillahi! Oga ma har da ƙari: wai akwai gurbi a ɗakin shirya kaya, ba ruri ba tururi, in sa kiɗana kunne biyu in sha iska. Ɗakin da nake leƙe kullum ina haɗiyar yawu.

Na ce a'a, sanyin ɗakin zai sa min mura. Ya kalle ni, ni ma na san ban iya ƙarya ba. Gwaggo dai ta juyo min da kunnenta na hagu, na sa mata iyafis ɗin, muka ɗauki zani.