Lurwanu Ba Zai Ba Manya Baya Ba

Birnin Konni, ran Talata

Alkasum, Lurwanu ya zo! Ya zo da babbar mota cike da makaɗa, ran Asabar za su yi wasa a gidan silima, ana haska hoto suna kiɗa!

Af, na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum ƙanena. Ina gajiya, ina iyali? Ya ƙafar matarka Hawa'u? Ya mutanen Illela? Mu nan lahiya lau. Da hannuna nake rubuto maka, malamin karatun dare bai gyara mini ko baƙi ɗaya ba.

Ka daɗe kana cewa jikana Lurwanu ya zama maroƙi, ya zubar da girman gidanmu, har ka rantse ba ka zama inda yake. To jiya na tahi na ga gwajinsu. Wallahi bai taɓa ganga ba, bai yi wa kowa kirari ba. Wata 'yar sanda gare shi, ko akuya ba ta kora. In ya ɗaga ta, masu goge da masu sarewa da masu ƙahon ƙarfe su taso gaba ɗaya. In ya sauke, tsit kamar an ta da salla. Kiɗan nan da ake ji a silima in doki na gudu ko mace na kuka, shi ke tsara shi. Har rediyo ta faɗi sunansa.

Abu ɗaya ya hana ni cin tuwo. Yaron nan baya yake ba jama'a tun farko har ƙarshe! Ga shi na gayyato maigari da liman. Na ce ya juyo, ya ce in makaɗa ba su ga idonsa ba kowa zai kama gabansa. In ka ga ƙeyarsa gaban manya, na san ba za ka bar ni in sha ruwa ba.

Wanka,
Jibo

Ran Alhamis

Ƙanena Alkasum, bayan gaisuwa da fatan kuna lahiya, an gyara!

Na sa a kwashe kujerun manya a kai su bayan makaɗa, gindin farin bangon da ake haska hoto. Lurwanu ya yi dariya har da hawaye, ya yarda. Yanzu mu zai fuskanta, kamar yadda ɗan gidan mutunci ke yi.

Gaskiya ba za mu ga silimar ba, don tana bisa kanmu. Mai babbar ganga kuma daidai kunnen liman yake, na tanadar masa auduga. Sannan duk jama'ar Konni mu za su kalla, don haka ka sa babbar rigarka, kuma ban da gyangyaɗin nan naka.

Kujerarka na jikin tawa. Rantsuwarka kuwa, ai ba inda yake za ka zauna ba, shi tsaye yake har a tashi. Ka taho da Hawa'u da yara da duk wanda ka taɓa gaya wa maroƙi ne. Ku zo ku gani!

Ka gaida kowa.

Wanka mai murna,
Jibo kakan Lurwanu