Damin Dawar Bana

Inna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu daga Aljeriya. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Gwaram? Ki gaida Malam Datti da ya taya ku girbi.

Ni lafiya lau. Aikin ginin na tafiya, tarin ma da sauƙi. Takarduna dai suna hannun maigida har yanzu, amma kada ki sa wannan a ranki.

Inna, tun da aka binne Baba ban zo ba, Yaya Kefas ya daina ɗaukar wayata. Jiya na karanta inda Ubangiji ya ce mai kai baiko, in ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. To ni ta ina zan je? Ƙofar gidan nan ma sai da izini nake fita.

Damin dawar da kike kaiwa coci da sunana ranar godiyar kaka, bana a ajiye shi a zauren Yaya. Ki roƙar mini shi ya ɗauki waya, ko zagina zai yi. Muryarsa irin ta Baba ce.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Filibus