Burkutun Gayyar Illo

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Zazzaɓi ya sake ni, amma ya tafi da harshena. Na kurɓi burkutun da na dafa, kamar ruwan tafki. Ba tsami, ba ɗaci, ba gardi. Ni da duk ƙauyen nan na Ngaski ba a kai ƙwarya baki sai na ce ya nuna. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 7 Nuwamba

Illo maƙwabcinmu zai yi gayyar yankan shinkafa, ya ce ni zan dafa wa masu aiki. Na ce to. Me zan ce?

Christiana, matar ɗana, ta sayo shuɗin duron roba daga Yelwa, wai a ciki nata burkutun zai tashi. Giya a roba, kamar kananzir. Na ce mata tukunyar ƙasa ce ke ba burkutu ƙamshi. Ta ce, "To, Inna." Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi ciwo.

Lahadi, 10 Nuwamba

Na lashi barkono a ɓoye bayan coci. Hawaye kawai.

Juma'a, 15 Nuwamba

Na tace. Kumfa ta yi kyau, launi ya yi. Na kurɓa a gaban Christiana, na gyaɗa kai kamar na ji wani abu. Ta miƙo hannu za ta ɗanɗana, na janye ƙwaryar.

Asabar, 16 Nuwamba

Gayya. Illo ya sha, ya ce, "Hannunki na nan, Asabe." Kowa ya yaba. Da na zagaya bayan tarin shinkafa sai na tarar ƙasa jiƙe, nan suke juye nawa. Duron Christiana kuwa har karkata shi suka yi.

Da sun ce mini ya yi tsami, da na yi faɗa na huce. Lallashina suka yi kamar jinjira. Wannan ne ba zan yafe ba.

Laraba, 20 Nuwamba

Ban fita ba.

Alhamis, 28 Nuwamba

Sabuwar dahuwa, a tukunyata. Na ce wa Christiana haƙori ke damuna, ta kurɓa mini. Ta riƙe a baki, ta daɗe, ba ta dube ni ba.

"Bai ida nuna ba, Inna. Shina son kwana."

A idona ya nuna sarai. Na rufe tukunyar, na bar shi ya kwana.