Wata Bakwai Ina Ɗaga Ƙarfe, Na Kasa Ɗaga Yayana

Malam mai fili, don Allah ka taimaka mini da shawara. Abin ya sha mini kai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ni tela ne, shekarata hamsin da uku. Wanda ya gan ni yau da tumbi da tabarau ba zai yarda ba, amma a zamaninmu ni da yayana mu ne 'yan ɗaga ƙarfe na unguwarmu. Bayan shagon wani dattijo mai walda muke haɗuwa da la'asar. Babu inji ko ɗaya. Tsofaffin ƙarafan mota ne Baba mai walda ya liƙa mana a jikin bututu, sai gwangwanayen fenti da muka cika da siminti, sai wani benci mai ƙafa uku da muka tokare da bulo, wanda muke kwanciya a kai mu tura ƙarfe sama daga ƙirji. Akwai fasasshen madubi da muke yin layi a gabansa muna matse damtse. Har gobe in na ji warin walda sai zuciyata ta koma can. Yaya ya fi ni komai. Ni ɗinkin ma a kansa na fara koya, don babu rigar kanti da take shiga kafaɗarsa sai na buɗa masa hannu.

Baban nan kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai wuyar sha'ani. Sati uku zai bar mu muna ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a na huɗu sai mu zo mu tarar ya zura sarƙa a manyan ƙarafan ya datse da kwaɗo, ya bar mana ƙanana. Satin rowa muke ce masa. Wani lokacin kuma wata biyu cur zai hana mu hawa benci, sai tsugunno da ƙarfe a kafaɗa da ɗauko shi daga ƙasa. Bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, sai dai mu yi ta ƙunƙuni a bayan idonsa. Yaya har ya taɓa gwada ɓalle kwaɗon da ƙusa, aka kore shi kwana goma.

Na yi nisa, ka yi haƙuri. Bara Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk mata ne kuma suna gidajensu, don haka na ɗauko shi na sa shi a ɗakin da ke kusa da nawa. Ni nake tayar da shi daga gado, in zaunar da shi a keken marasa lafiya, in kai shi banɗaki, in yi masa wanka. Maganarsa ba ta fita sosai, amma na san ba ya son hannun kowa a jikinsa sai nawa. Mutumin da yake ɗaga ni sama don ya ba 'yan kallo dariya, yau ni nake saka masa wando.

Da na ga nauyinsa yana neman gagarata, sai na sa aka haɗa mini ƙarfe a tsakar gida. Na ce to, yanzu babu mai kulle mini komai. Wata bakwai ke nan kullum da safe ina kan benci, babu fashi, nauyi ɗaya, mafi nauyin da zan iya, har sai hannuna ya gaza. Wata biyun farko na ga canji, har maiɗakina tana zolayata wai ko gasa zan shiga. Daga nan shiru kake ji. Na auna damtsena da tef ɗin ɗinkina, yadda yake a wata na uku haka yake yau. Ga kafaɗar dama tana mini zugi, ko almakashi na riƙe sai na ji a jikina.

Satin da ya wuce abin da nake tsoro ya faru. Ina ɗauko Yaya daga keke bayana ya riƙe, muka zube tare a ƙofar banɗaki. Bai ji ciwo ba, Allah ya kiyaye, amma ya juya fuskarsa bango yana hawaye, ni kuma na kasa tashi sai da maƙwabci ya shigo. Yanzu babbar 'yarsa ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da shi garin da take aure, ta ɗaukar masa ma'aikaci. Ban ga laifinta ba. Amma ina tsoron in ya koma hannun baƙo ba zai daɗe ba, ni ma ban san abin da zan yi da safiyata ba.

Malam, tsufa ne ya zo in haƙura, ko in ƙara nauyi in koma safe da yamma?

Naka,
Tsohon ɗan ƙarfe

AMSA

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka da alheri. Ba tsufa ba ne, kuma kada ka kuskura ka koma safe da yamma.

Amsarka tana cikin wasiƙarka. Baba mai walda ba rowa yake muku ba, tsari yake muku. A kan benci gajiyar da tsoka ake yi, sai ta samu hutu da abinci da barci take ginuwa. In kana ba ta nauyi ɗaya kullum za ta saba, ta daina ƙaruwa. In kana hana ta hutu, gaɓoɓi su fara ciwo. Kai duka biyun ka haɗa. Nacinka abin yabo ne, shi ya ba ka canjin wata biyun farko, amma nacin da babu tsari iyakarsa ke nan.

Kafin komai, ajiye ƙarfen ka je likita ya duba kafaɗar da bayan. In ya ba ka izini, ka koma kwana uku a sati, da ranar hutu a tsakani. Watan farko ka ɗauki nauyin da za ka iya ɗagawa sau goma sha biyu ba tare da jikinka ya karkace ba. Ka riƙa ƙarawa kaɗan duk sati, a na huɗu ka rage rabi ko da kana jin kanka garau. Wata na biyu ka ƙara nauyi ka sauko sau takwas, na uku sau biyar ko shida, sannan ka sake zagayowa. Ka rubuta a takarda ka manna a bango, don ranar da ka tashi da zafin kai ta taka maka birki. Ka rage benci, domin ba da ƙirji ake ɗaga mutum ba, da cinya da ƙugu da baya ne. Tef ɗin nan ma ka mayar da shi shago. Ƙarfi yakan riga kauri zuwa, kuma ƙarfin kake nema. Jikin da ya taɓa ginuwa yakan dawo da wuri fiye da na sabon shiga.

Sai maganar 'yarku. Tana da gaskiya, an faɗi sau ɗaya kuma mahaifinta ne. Kai ma kana da gaskiya, marar lafiya yana buƙatar hannun da ya sani. Kada ka jira ƙarshen wata, ka kira ta yau ka gaya mata faɗuwar nan kai ma ta tsorata ka. Ka roƙi wata uku, bisa sharaɗin a kawo ma'aikacin nan gidanka, shi ya riƙa ɗagawa, kai ka riƙa wanka da sa tufafi. Ku nemi likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya koya muku yadda ake tayar da marar lafiya. Ku kuma tambayi Yayan da kansa, bakinsa ne ya yi nauyi, hankalinsa yana nan.

Na san abin da zai fi maka wuya shi ne ka tsaya kana kallon wani yana ɗaga yayanka. Ka daure. In ka ƙi haƙurin wata ukun nan, bayanka zai kwantar da kai, a raba ku ba tare da an tambayi ko ɗayanku ba.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya ƙara maka ƙarfi, ya bar ku tare a gida ɗaya.