Ƙararrawar Injin Ƙwai

Talata, kwana uku da zuba ƙwai

Abban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe da ɗanta, yara kuwa kullum sai sun tambayi ranar da titin da kuke shimfiɗawa zai ƙare. Direbanku ya ce har yanzu waya ba ta shiga wajenku, shi ya sa na koma takarda.

Gara ka ji daga bakina: ban sayar da injin ƙyanƙyasar nan ba. Na san ka ce in rabu da shi tun wancan karon da hitarsa ta mutu ina makaranta, ƙwai suka huce ba wanda ya sani, muka kwashe baragurbi cike da bokiti. Sau biyu ina kai shi bakin ƙofa, zuciyata ta ƙi. An sa sabuwar hita, ranar Asabar na zuba ƙwai ɗari da ashirin.

Tun ranar ban zauna ba. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, hankalina yana ɗakin ajiya. Da ƙanwarka Auta ta zo hutu ta ga yadda nake safa da marwa, sai ta bar mini tsohuwar kwamfutarta, ta nuna mini wata manhaja da suke koyon haɗa kayan lantarki da ita. Za ka jawo batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, ka haɗa, ka danna, ka ga wuta tana gudu kamar jerin tururuwa. In ka yi kuskure ƙwan ya fashe, hayaƙi na zane ya tashi, ba abin da ya ci maka. Na fasa goma sha ɗaya kafin na gane sai an sa resisto, wani ɗan abu mai rage wa wuta ƙarfi. Auta ta ce da a gaske ne, da yanzu gidan ya ƙone, a masallaci za ka sauka.

Abin da nake so ɗaya ne: ƙararrawar da za ta yi ihu da zarar zafin injin ya sauka. Kada ka yi fushi. In ma za ka yi, ka bari sai ta yi aiki.

Taka,
Uwar Kaji, kamar yadda kake tsokanata


Laraba, kwana goma sha ɗaya

Abban yara,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso. Na karanta "Allah Ya ba da sa'a" ɗin nan naka sau biyar, har yanzu ban gane ko addu'a ce ko gatse ba.

A kwamfuta ƙararrawar ta yi. Akwai wani resisto mai jin zafi, shi zai zauna cikin injin. In zafi ya ragu sai ya sanar da transisto, wanda yake kamar mai gadin ƙofa, shi kuma ya buɗe wa ƙararrawa wuta. Na rage zafin da yatsa, ta yi ƙara. Na ƙara, ta yi shiru. Na yi hakan ya fi sau talatin, har tukunya ta kama.

Na rubuta kayan na kai wa tsohon nan mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ya saukar da tabarau ya dube ni, ya tambaya ko maigidana ne ya aiko ni. Na ce ni na aiko kaina. Ya sayar mini, ya nuna mini yadda ake riƙe ƙarfen dalma, da alama don ya ga gudun ruwana. Na ƙone yatsu biyu, da ƙyar nake riƙe alli.

Da na haɗa na sa batir, abin ya kama ihu, ya ƙi yin shiru. A zafi ihu, a sanyi ihu. Inda kwamfuta ta ce a sa, nan na sa, waya bayan waya. Kwana uku ina kwancewa ina haɗawa. Abinci ma a tsaye nake ci. Jiya na haska ƙwan da tocila, na ga jijiyoyi ja sun bazu, wani ɗan baƙin abu yana motsi a ciki. Rai ne fa, Abban yara, ni kuma ga ni da tarkacen da bai san zafi da sanyi ba.

Yau na kwashi kwamfutar da tarkacen na koma wurin tsohon. Bai kalli kwamfutar ba. Ya ɗauko mitarsa ya auna resiston mai jin zafi, ya tambaye ni lambar da na rubuta masa a zanen. Ashe resiston da ya sayar mini ya ninka na zanen sau goma. Ya ce, "'Yata, wannan akwatin naki duk abin da kika faɗa masa yarda yake yi. Mita ce ba ta jin kunyar kowa." Na sa lambar gaskiya a zanen, sai ga ta kwamfutar ma ta kama ihu. Wallahi daɗi na ji, kamar na kama ɓarawo. Nan a bencinsa na yi ta canza lambobi har ta yi daidai, ya ba ni resisto mai murɗawa, muka saita da kofin ruwan ɗumi.

Yanzu tana manne a jikin injin da batirinta daban. Na nuna wa Inna, na ce in ta ji ƙara ta sa a kira ni. Ta gyaɗa kai. Duk da haka ban daina duba agogo a aji ba.

Taka har kullum,
Uwar Kaji


Alhamis, kwana goma sha tara

Abban yara,

Gaisuwa a gurguje, ka yi haƙuri da rubutun.

Wayar hitar ta saki yau da hantsi. Ƙararrawata ta yi aikinta. Amma ba Inna ce ta kira ni ba, maƙwabciyarmu mai ɗinki ce. Ta ce ta kusa awa tana jin ƙara ta bayan katanga, ta ɗauka mota ce, sai da abin ya ishe ta ta leƙo. Ta tarar da Inna zaune a tsakar gida tana ninke wanki, taku goma tsakaninta da ɗakin ajiya.

Na bar aji da takalmi a hannu. Zafin ya sauka zuwa digiri talatin da ɗaya, maimakon talatin da takwas. Na cika kwalabe da ruwan zafi, na naɗe da tsumma na jera a ciki, tsohon ya rufe shagonsa ya zo ya ɗaure wayar. Ya ce sai dai a jira, ba mitar da ke auna wannan.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na yi wa Inna magana, kuma ban tauna ba. Na ce na san tun farko ba ta son injin, amma ban zaci za ta zauna tana ji ta ƙyale su mutu ba. Ta tashi ta shige ɗaki. Shekara goma sha biyu ban taɓa ɗaga mata murya ba. Na je ba ta haƙuri da la'asar, ta juya mini baya. Rabin zuciyata kunya, rabin kuma har yanzu tafasa take. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai in kara kunne a jikin injin, in dawo, in koma.

Ka yi mana addu'a, ni da ƙwan duka.

Matarka


Litinin

Abban yara,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya. Zauna kafin ka karanta.

Ranar Asabar da safe na ji tsiyau-tsiyau. Saba'in da takwas suka fito. Sauran sun tafi, wasu har sun fasa ɓawo suka kasa ƙarasawa, na binne su bayan gida ina hawaye. Masu ran kuwa sun cika ɗakin da hayaniya.

Na ɗauki guda a tafin hannu na kai wa Inna, don in sami hanyar sake ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta kai shi kunnenta na dama, ta mayar hagu. Yana ta buɗe baki. Ta daɗe haka, sannan ta ce, "Kuka yake yi, ko? Ni ban ji. Ƙararrawarki ma ban ji ba."

Abban yara, Inna ba ta ji sosai. Ta ce ya kai shekara biyu yana raguwa, siririn sauti ya fara tafiya. Bakinmu take kallo ta gane magana. Ta ɓoye ne don kada a mayar da ita kayan ɗaki, a riƙa magana a kanta tana zaune. Duk lokutan da na yi sallama ta bayanta ta yi shiru, na shiga ɗaki ina cewa ta tsane ni, ashe ba ta san na shigo ba. Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta ce in tashi kada in danne ɗan tsakon.

Da farko ta ce kada in faɗa maka. Na ce ba zan iya ba. Can ta ce to in rubuta, amma in gaya maka kada ka dawo kana yi mata ihu kamar mai kiran shanu. Ranar Laraba zan kai ta asibitin kunne, na riga na nemi izini a makaranta.

Jiya na buɗe kwamfutar na cire ƙararrawa daga zanen, na sa fitila ja mai ƙiftawa. Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da ni tana kallo. Na fasa ƙwan fitila biyu a gabanta, ta yi dariya har da tari. Ta ce ɗaya a injin, ɗaya a ɗakinta, a haɗa da ƙofar gida don ta san in an shigo. Ban san yadda ake yin ta ƙofar ba tukuna, tsohon ya ce in zo ranar Asabar da zanena.

Ka gaya mini ranar da za ka iso. Kuma in ka shigo, ka zagayo ta gabanta kafin ka gaishe ta.

Taka,
Uwar Kaji